Direba yana zaune, inji yana ruri, jirgin ƙasa bai tashi ba: wa ake jira?

Direban Daura zuwa Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni direban mota ne, Sharon nake ja tsakanin Daura da Kano ta Kazaure da Ɗambatta, yau shekara 22 ina kan hanyar nan. Tambaya ce ta kawo ni, kuma ina roƙon wanda ya san abin da hannunsa ya amsa mani, ba wanda ya gani a bidiyo ba.

Babban ɗana ne bana zai gama sakandare. Tun da aka fara aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa nan Daura ya wuce Mashi da Katsina da Jibiya, yaron nan ba shi da zance sai na jirgi. Ga kuma jami'ar sufuri an gina mana a gari. Ya ce shi direban jirgin ƙasa zai zama. Uwarsa ta ce ai gado ne. Ni dai na yi shiru, don ba na son in ce ma yaro i ko a'a a kan abin da na jahilta.

Sau ɗaya tak na taɓa shiga jirgi, bara, da na raka wani maƙwabcina wata tafiya. Mun isa tasha da wuri, sai na ce bari in taka gaba in ga abokin sana'a. Na iske shi zaune a kan jirgin, inji yana ta ruri, shi kuwa ya zuba ma wasu agogai ido. Na leƙa iya leƙawata ban ga sitiyari ba. Da muka shiga muka zauna, ta taga na hango wani mutum yana bin jikin taragu ɗaya bayan ɗaya, yana duƙawa yana leƙa ƙarƙashi. Can sai a ji iska ta yi tsaki, fiiish, a yi shiru, a sake. Fasinja sun cika, an rufe ƙofa, amma ba a motsa ba. Sai da aka yi magana a oba-oba, aka busa usur, direba ya yi oda, sannan muka fara tafiya a hankali. A tsakiyar hanya kuma muka tsaya wata ƙaramar tasha a daji, ba mai hawa ba mai sauka, kusan minti 25, har wani jirgi ya zo ya gifta mu.

Mu a tasharmu ba haka abin yake ba. Mota ta cika, 'yan kamasho su amshi nasu, yaro ya bugi jikin mota ya ce mu je, in yi bisimilla in saka giya. Ni ne wuƙa ni ne nama. Birki kuwa, in na taka shi sau biyu a bakin tasha na ji ya kama, shi ke nan.

To wa ke ba direban jirgi izinin tashi? Me mutumin nan yake leƙe a ƙarƙashin tarago? Kuma tunda ba sitiyari, kuma ba shi ke cewa a tafi ba, mene ne aikinsa? Kada in tura yaro inda zai zama ɗan kallo a cikin rigar ma'aikata.

Tsohon gadin jirgi, Funtuwa, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Jikata ce ke rubuta mani, ni ina faɗa, don idanun sun gaji.

Ɗana, ni ban yi tuƙi ba. Gadin jirgi na yi, wato ni ne mutumin da ke taragon ƙarshe da tuta ja da koriya da usur da fitila. Na yi aiki a tsohon layi, har da wannan da ya taso daga Zariya ya biyo ta nan Funtuwa ya wuce Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929. Auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi don su. Abin da zan faɗa maka na zamaninmu ne, yara masu boko sa ƙara maka na yau.

Da gangan aka hana direba zama wuƙa da nama. An raba tashin jirgi gida uku. Hanya ta tashamasta ce, wato shugaban tasha, jirgi da abin da ke cikinsa na gadi ne, inji na direba ne. Sai ukun nan sun yarda ake motsawa, amma ko wanne ɗaya cikinsu shi kaɗai yana iya hanawa. Ka riƙe wannan, sauran duk bayani ne.

Fara da hanya. Layinmu ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi, kuma jirgi ba ya kaucewa. Kai in ka ga tirela ta yo kanka a Kazaure sai ka faɗa gefen titi. Shi ba shi da gefen titi. Saboda haka tsakanin kowace tasha da ta gaba akwai sanda ta ƙarfe, an zana sunan tashoshin biyu a jikinta. Sandunan suna cikin wata na'ura a ofishin tashamasta, an haɗa ta da waya da 'yar'uwarta da ke ɗaya tashar. Ba ka iya zare sanda sai na can ya amince ya danna nasa, kuma in ɗaya ta fita, na'urorin biyu sun kulle ke nan har sai an maida ta. Direban da ba shi da sanda a hannu ba shi da hanya, ko da sarkin garin ne ke cikin jirgin. In ya isa tasha ta gaba ya miƙa wannan, a ba shi ta gaba. Tsayawar nan da kuka yi a daji kuros ne: an ajiye ku a layin gefe don wancan ya fito daga yankin da za ku shiga.

Sai jirgi. Mutumin da ka gani yana duƙawa birki yake dubawa. Jirgi ba ƙafa huɗu gare shi ba irin motarka, ko wane tarago da nasa birkin, kuma bututu guda ne ya ratsa su duka tun daga kan jirgi har wutsiya, an haɗa tsakanin tarago da tarago da tiyo. A namu na da, inji zuƙe iskar bututun yake yi, birki ya saki. In iska ta shiga, birki ya kama. Hikimar ita ce in jirgi ya tsinke a hanya, tiyo ya rabu, iska ta shiga, gaba da baya duk su tsaya da kansu. A ɗakina na baya akwai geji irin na direba, da wani hannu da nake buɗewa iska ta shiga. Kafin a tashi zan buɗe shi, allurar direba ta faɗi can gaba. In ta faɗi, bututu ya haɗe daga farko har ƙarshe. In ba ta faɗi ba, akwai inda ya yanke.

Bari in faɗa maka ranar da na kusa kashe mutane, tunda yanzu ba mai korata daga aiki. Da dare ne, lokacin hunturu, hazo ya rufe ko'ina. A wata tasha aka yi shantin, wato cirewa da ƙara taragu, aka ƙara mana wagunu uku na auduga, aka dawo da ɗakina aka liƙa a baya. Mun riga mun makara sosai, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba, sanyi kuma ya shiga mani ƙashi. Mai haɗawa ya ɗaura ƙugiya amma bai haɗa tiyo ba, na gaban yana nan toshe a mazauninsa. Gejin direba lafiya lau yake nunawa, don a wajensa bututun ya cika, bai san rabinsa kawai yake gani ba. Su kuma wagunan baya an saki birkinsu da hannu lokacin shantin. Tashamasta ya ba ni alama, na sa usur a baki, na ɗaga fitila zan juya ta zuwa kore. Ban san abin da ya sa na waiwaya cikin ɗaki ba, Allah ne dai. Allurata tana kwance a kan sifiri. Gabanmu kuwa akwai gangara. Na sauke fitilar, na taka da ƙafa cikin duhu har na iske tiyon yana lilo. Ba wanda ya san abin da ya faru sai ni da mai haɗawar da direba, amma na yi kwana uku in na rufe ido allurar nan nake gani. Laifina ne, don doka ta ce duk lokacin da aka cire ko aka ƙara tarago, a sake gwajin birki daga farko, ni kuma na so in tsallake don gajiya.

Ga yadda ake tashi in an bi ƙa'ida. Tashamasta ya nemi hanya daga tasha ta gaba a ba shi. A juya mahaɗar layi a kulle ta. A ba da sigina ta fita. A kai ma direba sanda, ya karanta sunan da ke jikinta da idonsa. Ni in duba ƙofofi, in ga ba mai rataye ba mai ƙafa ɗaya a waje, in duba agogo, in duba siginar ni ma, sannan in busa usur in kaɗa koriyar tuta, da dare koriyar fitila. Direba ya sake duban sigina, ya yi oda, ya ja. Bayan mun bar dandamali sai ya waiwayo mu yi musayar alama, ya tabbata ina ciki ba a bar ni a ƙasa ba. Kuma a bayan ɗakina akwai jar fitila a rataye. Tashamastan da muka isa wajensa ba zai ce ma na baya hanya ta buɗe ba sai ya ga fitilar nan, don ita ce shaidar jirgi ya iso dukansa, bai bar wutsiyarsa a daji ba.

Ja kuwa ta kowa ce. Ko leburan gyaran layi ya ɗaga jan ƙyalle, dole direba ya tsaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗan Jibiya ya amsa:

Baba Allah ya ƙara lafiya, labari ya yi daɗi, amma wannan ai tarihi ne. Jiragen yanzu kwamfuta ke komai, direba maɓalli kawai yake dannawa. Malam direba, ka bar yaro ya je, aikin hutu ne cikin sanyin na'ura. Haɗari kuma in ya zo ƙaddara ce.

Injiniya daga Ƙofar Ƙaura ta amsa:

Ɗan Jibiya, ƙaddara gaskiya ce, amma kai ma ba ka hawa babur ɗin da ka san birkinsa ya tsinke. Baba, Allah ya saka maku da alheri. Ni injiniyan lantarki ce, ɓangaren sigina na karanta, kuma abin da kuka faɗa shi ake koyarwa har gobe. Kayan aiki ne suka canza.

Kawu direba, sabon layin ya fi na su Baba faɗi, milimita 1,435 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, nasu 1,067. Na Kano zuwa Maraɗi kilomita 284 ne, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba, an ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021. Jiragen irin wannan layi birkin matsin iska gare su, kishiyar na Baba: ana cika bututun da iska, galibi har matsin ya kai wajen 5 a ma'aunin da ake kira "bar", birki ya saki, in matsin ya ragu ya kama. Tsakin da kuka ji shi ne direba yana rage iskar, mai dubawa yana bi yana ganin ko takalmin birkin ko wane tarago ya kama, sannan ko ya saki. A ƙarshen ko wane tarago akwai makunni kamar kan famfo. Guda ɗaya in aka bari a rufe, duk abin da ke bayansa ya fita daga hannun direba, kuma gejinsa ba zai faɗa mashi ba. Abin da ya faru ke nan a tashar Gare de Lyon ta birnin Faris ranar 27 ga Yuni 1988. Wata fasinja ta ja birkin gaggawa a hanya, direba ya sauka gyarawa, cikin kuskure ya rufe makunnin da ke bayan taragon farko, da ya ga birkin sauran sun ƙi saki sai aka sassake su da hannu. Ya ja jirgi ba tare da gwajin da Baba ya bayyana ba. Da ya zo gangaren shiga tasha ya nemi birki babu, ya afka ma wani jirgi da ke tsaye. Mutum 56 suka mutu.

Maganar karanta sanda ma da jini aka rubuta ta. A 1921 a wata ƙaramar tasha mai suna Abermule a yankin Wales na Birtaniya, ma'aikata suka ruɗe suka maido ma direba shaidar yankin da ya baro, ya amsa bai duba ba, ya shiga layin da wani jirgi ke tahowa. Mutum 17. Yanzu a layukan zamani fitilun sigina da na'urar kulle hanya sun maye gurbin sanda, na'urar ba ta yarda a ba jirgi biyu yanki ɗaya. Amma na'ura tana lalacewa, kuma ranar da ta lalace ake komawa baki da kunne. A ƙasar Girka, daren 28 ga Fabrairu 2023, shugaban tashar Larisa ya ce ma direban jirgin fasinja ya wuce jar fitila, alhali an saita shi a kan layin da jirgin kaya ke tahowa. Mutum 57, da yawansu ɗalibai. Shi ya sa dokar oba-oba ta ce kowa ya faɗi ko shi wane ne da inda yake, wanda aka ba umarni ya maimaita shi kalma bayan kalma, in bai gane ba ko ya ji abin bai kwanta mashi ba, kada ya motsa.

Akwai wani tarko da na fi jin tsoro, don ba ya buƙatar komai ya lalace. Direba ya saba kullum gadi na ba da alama sigina tana kore. Sai ranar da gadi ya ba da alama tana ja, hannun direba ya ja jirgi kafin idonsa ya duba. Alamar gadi ma'anarta an gama da fasinja, ba ta ce hanya a buɗe take ba. Don maganin wannan a Japan direba yana nuna siginar da yatsa ya faɗi launinta da ƙarfi, ko shi kaɗai ne a ɗakin.

Aikin direba kuwa, Kawu, tun kafin ya hau yake farawa. Zai sa hannu a rajista, a tabbatar ya huta kuma bai sha komai ba, ya karanta sanarwar ranar, ina ake gyara, ina aka rage gudu. Ya zagaya kan jirgi ya duba mai da ruwa da fitila da oda, har da yashi, don akwai akwatin da ke zuba yashi a gaban ƙafafu in ƙarfe ya yi santsi. A hanya akwai abin da yake takawa ko dannawa lokaci-lokaci, in ya yi gyangyaɗi ko ya suma bai taɓa ba, ƙararrawa ta yi ƙara, in bai amsa ba jirgi ya taka birki da kansa. Babban ilminsa shi ne haddace hanya. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, jirgin kaya mai nauyi yana iya cin fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya, don haka yana fara birki ne tun bai hango abin da zai tsaya dominsa ba.

Game da yaro: jami'ar Daura, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, injiniyoyi da masu tsara sufuri take horarwa, akwai kuma cibiyar fasahar sufuri a Zariya. Karatun zai taimake shi, amma tuƙi a wajen masu jirgin ake koyonsa, a fara da mataimakin direba. Kafin komai a kai shi asibitin ido a yi mashi gwajin launi, wani littafi ne mai ɗige-ɗige da lambobi a ɓoye. Wanda ba ya bambance ja da kore ba a ɗaukarsa, kuma matsalar ta fi yawa a maza, da yawa ba su ma san suna da ita ba.

Direban Daura zuwa Kano ya dawo:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. Injiniya, Allah ya yi albarka. Jiya a tasha na karanta ma abokan aiki labarin tiyon nan, wani ya ce mu da za a ce sai mutum uku sun yarda mota ke tashi, da rabin motocin layinmu suna nan a ajiye. Aka yi dariya, amma ni ban yi sosai ba, don na tuna watannin da na yi ina tafiya da birkin hannu a tsinke, ina sa dutse a taya in na tsaya.

Saura abu ɗaya, Baba. Mu a nan in wani babba ya shigo mota yana sauri, ko mai mota ya bugo waya, kunya da tsoron rasa aiki sukan sa ka tashi ba ka shirya ba. Ku ya kuke yi da irin wannan?

Tsohon gadin jirgi, Funtuwa, ya amsa:

Ana yi mana, ɗana, har zagi na sha a kan dandamali. Abin da ke cetonka littafi ne. Ko wane jinkiri ana rubuta shi da dalilinsa da lokacinsa, ka sa hannu. Na kan ce ma mai matsa mani, ranka ya daɗe, ga biro, rubuta cewa kai ka ce a tashi ba a gwada birki ba, ka sa sunanka. Ban taɓa samun wanda ya amshi biron ba.

Ka kawo yaron Funtuwa in an yi hutu, ka nemi jikata ta akwatin saƙo ta kwatanta maka gida. Usur ɗina da fitilar suna nan a cikin adaka, gilashin koren ya tsage amma tana kamawa.

Direban Daura zuwa Kano ya dawo:

In sha Allahu za mu zo bayan jarrabawarsu. Amma asibitin ido za mu fara zuwa ranar Litinin. Da Injiniya ta yi maganar launi sai uwarsa ta tuna da sallar bara, da ta aike shi kasuwa ya sayo mata koren zare ya dawo da ruwan ƙasa, har ta yi mashi faɗa ta ce wasa ya tsaya. Ban faɗa mashi dalilin zuwan ba tukuna.